Gurbin Malamin Lissafi

"Lahiya lau, ya hanya? Ya mutanen Ƙaura? Kai Labbo, wanga tumbi hwa? Gyaran kwamfuta kaka yi ko cinye su?"

"Lahiya ƙalau, tsohuwa. Tumbina na arziki ne. Ke kuwa mi yas same ki kika zabge haka, kamar mai azumin kaffara?"

Malama Kulsumu ta yi dariya, amma dariyar iyakarta haƙora. Ita ce shugabar wata makarantar al'umma a Shinkafi. Tun da Shari'a ta zo aka raba ɓangaren maza da na mata, azuzuwa suka ninku, tsara jadawalin darussa ya koma ciwon kai. Shi ya sa kwamitin makaranta ya sayi kwamfuta, aka kira Labbo, taubashinta, ɗan gwaggonta, mai shago kusa da tashar jirgin Ƙaura. Ya ɗora musu manhajar da za ta riƙe sunayen malamai, ta raba musu azuzuwa, ta ba kowa mabuɗinsa na shigar da makin yara. Ya koya wa Malama yadda ake yi, ya bar mata aikin shigar da ma'aikata, ya koma abinsa. Ta kuwa shigar da kowa, har mai gadi, sai mutum ɗaya.

Mutumin nan ɗanta ne na fari, malamin lissafi. Tun da ta haife shi bakinta bai taɓa furta sunansa ba, hannunta bai taɓa rubuta shi ba. A zamanin takarda magatakarda ke wannan aikin, ita sai ta sa hannu tana kallon taga. To kwamfuta ina ruwanta da kunyar ɗan fari! Jadawalin gwaji ya fito, aka manna a bango, babu shi a ciki. Ya duba, ya sake dubawa, ya wuce ajinsa. Jiya matarsa ta raɗa wa Malama cewa ya ce tun da uwarsa da hannunta ta cire shi, zai karɓi aikin da ake masa tayi a Zurmi. Gobe kuma kwamiti zai zauna ya amince da jadawalin. Tun daga lokacin ta kasa cin abinci, shi ya sa ta aika a taso Labbo.

"Zauna, bawana," in ji ta. "Akwatin nan naka ya lalace."

"Wa ab bawa? Ni da nib biyo mota tun daga Ƙaura don in cece ki? In da gaskiya, ke ya kamata ki cire min takalmi."

"Ɗan mace ai bawan ɗan namiji ne ko da ya hau jirgin sama. Ubana ya goya uwarka, kai kuma ni nig goya ka. Har yau zanen da kaj jiƙa min ba ka biya ba."

"Ƙarya kike, ban taɓa hitsarin kwance ba. Ina cikin tsumma ma sai in nemi izini."

Aka tayar da janareta, ya yi tari ya kama. Labbo ya gyara zama a gaban kwamfuta, ya danna nan ya danna can, yana ɗaga gira kamar likita.

"Tsohuwa, lahiyarta ƙalau. Ta ma fi ki lahiya. Amma tsaya, ajin ƙarshe na maza ba su da malamin lissafi. Na mata ma haka. Ina kinka kai shi?"

"Ta ƙi karɓa tai."

"Wa tak ƙi karɓa?"

"Shi."

"Shi wa?"

"Wancan ɗin."

Labbo ya juyo a hankali ya dube ta. Ya ga ta kafa wa ƙofa ido, tana murza bakin mayafi. Sai ya gane. Wayyo, dariya ta kama shi har hularsa ta faɗi, ya duƙa ya ɗauka yana share hawaye. Malama ta ji kamar ta nitse, haushi kuma ya cika ta, don ta san yau ta faɗa hannun wanda ba ya yafiya.

"Allahu akbar! Hedimistires guda, mai tsawa maza su watse, suna ɗaya ya kayar da ita! Mi kinka rubuta mata?"

"Na bar wurin hili, na cike sauran. Ta hito min da jan rubutu tana min tsiwa."

"Ai ta yi gadon mai ita. Don mi ba ki sa wani malami ya rubuta ba?"

"Ba kai kac ce kada in ba kowa kalmar sirrina ba, ko mijina?"

"Sai ki buɗe mashi, ki ce ya rubuta."

"In ce ya rubuta wa? Kai dai kanka kamar tulu, girma ba ƙwaƙwalwa."

"Tau, ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ga ni, ga hannuna. Hwaɗi sunan in rubuta."

"Ka san shi."

"Wallahi tsufa ya kama ni, na mance."

"Ranar sunan kai kas sace ƙafar rago ka ɓoye cikin riga, mai ya biyo maka har gwiwa. Shi ne za ka mance?"

"Naman nit tuna, sunan ya tahi. Bari in gwada. Tijjani?"

"A'a."

"Sadiq?"

"Labbo, ka kiyaye ni."

"Fahad ke nan. Suna mai daɗi, irin na 'yan Makka. Bari in sa mashi, ya ma fi wanda kunka raɗa."

"Ka sa, in sa a kulle ka a ɗakin ajiya da tsofaffin bencina."

"Kin ga illar ƙin jini? Da kin yi haƙuri kin jira ni na girma kin aure ni, da ɗan namu sunana zai ci, kullum kina kira kina jin daɗi."

"In aure ka in ci mi? Wayar wuta? Namijin da ya kai shekara goma yana gudun zakara!"

"Wancan zakaran ba zakara ba ne, aljani ne. Duk garin Banga an shaida."

"Kazar gwaggo ce ma, ba zakara ba. Rufa maka asiri nika yi."

"Ɗan hakin da ka raina dai shi ka tsone maka ido. Yau ga uwargijiya tana roƙon bawa. Ki ce, ranka ya daɗe Labbo, sarkin kwamfuta na Zamfara da kewaye."

"Ranka ya daɗe Labbo, sarkin ci na Zamfara da kewaye."

"Ba ta karɓa ba. Kin ga, ta sake hito da jan rubutu."

Ya naɗe hannuwa ya jingina da kujera, yana kaɗa ƙafa, shi a dole sai ta faɗa. Malama ta buɗe baki da niyyar ta yanka masa wata, sai ta tsaya ta kasa kunne. Daga ɓangaren maza tana jiyo muryar ɗan nata yana bi da yara jadawalin sau, muryar da ta saba ji kowace safiya tana yi kamar ba ta ji. Ta tuna mako mai zuwa ajin nan zai iya yin tsit. Tsoro ya kama ta sosai, ta zauna a kan benci.

"Labbo," ta ce, murya ƙasa-ƙasa, "ya hwara ɗaure kaya. Zurmi za shi. Shina ganin ni nic cire shi."

"Ke kuma ba ki gaya mashi ba?"

"Da wane baki? Tun da yat tashi ban taɓa zama da shi na yi magana mai tsawo ba. Gwaggo ta raine shi, ka sani. In na gan shi tahe sai in sauya hanya. Haka munka iske, haka munka yi. Ni ban san akwai ranar da wani akwati zai zo ya ce sai na hwaɗi ba."

Labbo ya daina kaɗa ƙafa. Taubashi dai taubashi ne, ya san inda wasa ke tsayawa. Ya jawo kujera, ya sa yatsu, ƙwas ƙwas ƙwas, ya rubuta Mahmuda. Bai karanta da ƙarfi ba, Allah ya saka masa. Amma hali zanen dutse, bai yi nisa ba ya sake kunno kai.

"Tau ga wata sabuwa. Tana son sunan mahaihi."

"Kai Labbo! Yau so kake ka tsiraita ni?"

"Au, shi ma Malam ba a hwaɗin nashi? Wanga gida naku ko gidan kurame. Yaya kuke kiran juna in gobara ta tashi?"

"Mu gidanmu akwai tarbiyya. Ba irin naku ba da matarka ka ƙwala maka kira daga bakin rijiya, har maƙwabta su amsa."

"So ne ya yi mata yawa."

Ya rubuta Jibrin. Ya zaɓi darasi, ya zo kan azuzuwa.

"Wane aji za a ba shi? Ni ina ganin 'yan aji ɗaya sun ishe shi. Yaron ba ya da wani ƙoƙari, gadon uwa ya yi."

"Ba shi ajin ƙarshe, maza da mata."

"Duka biyu? Don mi?"

"Don ba mai iya musu in ba shi ba," ta ce da sauri, sannan ta kama bakinta. "Haka dai nij ji malamai na hwaɗi."

"Awo, malamai. Allah ya ba malaman nan lada."

Sai ya tura mata allon madannai gabanta.

"Saura adanawa. Wannan kam ba ni yi, da mabuɗinki anka shiga, hannunki za ta shaida. Danna nan."

Malama ta miƙa yatsa. Sunan na nan ɓaro-ɓaro a fuskar kwamfuta, manyan baƙaƙe. Ta runtse ido ta danna, ta kuskure, ta danna na kusa da shi. Labbo ya kama yatsan ya ɗora a inda ya dace. Da ta buɗe ido ɗaya, sai ta ga koren rubutu a maimakon ja. Ta sauke wata ajiyar zuciya da ta ɗaga takardun kan tebur, ta ce alhamdu lillahi ta fi a ƙirga. Wani sanyi ya ratsa ta tun daga kai har tafin ƙafa, nan take ta ji yunwa.

"Kada ki yi saurin murna," in ji Labbo. "Akwai gurbi ɗaya da tac ce a cike daga baya. Wa za a nema in wani abu yas same shi a wurin aiki? In sa matarshi?"

Ta girgiza kai.

"Ko Malam?"

"Malam yana Katuru wajen gona rabin shekara. Matar kuma ga goyo."

"Tau wa?"

Malama ta gyara mayafi, ta dubi taga.

"Sa ni."

"Na sa Kulsumu. Tana tambaya, mi ce ce ke gare shi?"

"Rubuta abin da kas sani."

Ya rubuta, harafi uku. Wannan karon bai yi dariya ba, sai da firinta ta gama kukanta ta turo sabon jadawali da takardar bayanin malamin lissafi, da mabuɗinsa a ƙasa. Ya miƙa mata, ta ƙi karɓa.

"Na ji, ka ci," ta ce. "Yau ɗaya bawa ya hau doki. Akwai zabbi biyu a gida, ka biya a kama maka."

"Zabbi biyu! Lalle ɗan hwari da tsada. A daɗa min da fura."

"A daɗa maka da bulala. Saurara. In ka hita, ka bi ta ƙofar ajinsu. Wagga takarda ta biyu, wadda ke da gurbin ƙarshen nan, ka yi kamar ta hwaɗi daga aljihunka."

"In ya tambaye ni wa yac cike ta hwa?"

Malama Kulsumu ta tura shi waje da gefen rajista, tana dariya, wannan karon har cikinta.

"Ka ce mashi ya iya karatu."