Mati, Linux da Muryar Baba

A Tungar Gawo akwai wani gida da ke kallon rijiyar gari, gidan marigayi Malam Barau mai haƙa rijiya. Ya rasu ya bar matarsa Inna Tabawa, da babban ɗansa Lawwali mai gyaran kwamfuta a Funtuwa, da autansa Mati. Mati ba malalaci ba ne, ba kuma mai gardama ba. Halinsa ɗaya: abin da ka faɗa masa shi zai yi, ba ragi ba ƙari. Ni dai ina son Mati, gara in faɗa tun yanzu, don ban taɓa ganin mai girmama maganar mutane kamarsa ba.

Babbar dukiyar gidan wata tsohuwar kwamfuta ce ta tafi-da-gidanka. A cikinta akwai muryar Malam Barau, wadda Lawwali ya naɗa kafin rasuwarsa, yana ba da labarin rijiyoyin da ya haƙa. A tsakiyar labarin sai ya tsaya ya ce, "Tabawa, ina furar nan?" Kullum bayan la'asar Mati kan kunna wa Inna, in an zo wurin sai ta ce a hankali, "Ga ta nan zuwa." Muryar nan ba ta ko'ina sai cikin kwamfutar.

Wata rana kwamfutar ta yi nauyi, kafin ta buɗe an gama dama koko. Lawwali ya zo da filas, ɗan abin ajiya da ake soka wa kwamfuta, ɗauke da Linux iri-iri, wato manhajar da ke tafiyar da kwamfuta, ya ce wa Mati kamar irin gero ne, kowanne da gonar da yake so, kuma ana iya gwada su daga filas ba tare da an taɓa abin da ke cikin kwamfutar ba. "Ka nuna wa Inna kowanne, wanda ta zaɓa shi zan saka." Mati ya sa Inna a gaba. Tana tankaɗe ya nuna mata Ubuntu, tana wanke-wanke ya nuna mata Debian. Ta gudu gidan suna, ya bi ta har tsakar gidan mutane da kwamfuta a buɗe. Da ta ga ba mafita sai ta nuna Mint ta ce, "Wannan mai kore-koren, ya yi kama da damina. Ka rabu da ni." Lawwali ya duba ya ga ya zauna da tsohuwar kwamfutar lafiya, ya saka shi.

Wata rana Lawwali ya sa Mati ya zaɓi kalmar sirri, ya ja masa kunne kada ya gaya wa kowa. Da ya dawo hutu zai yi wani gyara sai kwamfutar ta nemi kalmar. "Mati, faɗa mini." Mati ya ce, "Yaya, kai ka ce kowa." Lawwali ya ce ban da shi. Mati ya ce ranar bai ce ban da shi ba. Aka yi lallashi, aka yi faɗa, Inna ta sa baki, Mati ya kafe. Tun daga ranar, duk lokacin da kwamfutar ta nemi kalmar, sai gwanin Funtuwa ya juya ya kalli bango ƙaninsa ya rubuta.

Wata rana Lawwali ya ce masa ta waya ya sabunta manhajojin, amma kada ya taɓa kwamfutar, kada kuma ya bari ta mutu har ta gama. Ana cikin yi hadari ya taso, sola ya daina ba da wuta, batir ya kama ja. Mati bai taɓa kwamfuta ba. Teburin ya ɗauka gaba ɗaya, da kwanon tuwo da carbin Inna a kai, ya ɗora a ka ya ratsa gari har shagon Audi mai cajin waya. Nan ma Audi ne ya sa caja, Mati ya tsaya hannu a baya har ta gama.

Wata rana sauti ya ɗauke, Inna ta zauna bayan la'asar ba ta ji komai ba. Lawwali aiki ya yi masa yawa, ya ce, "Akwai zauren masu Linux a waya, ka gaya musu komai." Mati ya naɗi murya ya tura. Ya fara daga haihuwar akuyarsu, ya bi ta ciwon gwiwar Inna da rijiyoyin Baba da furar nan, can a ƙarshe ya ambaci sauti. Na yi zaton za su kore shi. Sai ga mutanen da ba su taɓa ganinsa ba suna amsawa. Wata mata daga Maraɗi ta gane cewa kwamfutar ta juya sautin zuwa wata kafa ce, ta nuna masa inda zai mayar da shi, ta kuma ce a gai da Inna da jiki.

Wata rana kwamfutar ta fara ƙas-ƙas daga ciki. Lawwali ya saurara ta waya ya ce, "Faifan ajiyarta ne ya tsufa. Kafin ka yi komai, ka kwafi muryar Baba a wani wuri daban, sai na zo." Mati ya kwafa a filas ɗin da Lawwali ya bari. Zai ci tuwo sai ya tuna cin tuwo ma yin wani abu ne, kuma filas ya daina zama wuri daban tunda muryar ta riga ta shiga ciki. Ya ari katin wayar maƙwabci ya kwafa, sannan ya ci. Zai tafi gona, katin Audi. Zai yi wanka, katin mai shayi. Bai bar ladan ba, bai bar 'yan acaɓa ba. Mutane suka fara kawo ƙara cewa Mati ya cika musu waya da labarin rijiya. Inna ta ji kunya ƙwarai, ta ce ya mai da ubansa abin dariya a gari.

Lawwali ya iso da sabon faifai. Ya ga filas ɗinsa a kan tebur, ya ɗauka ya ɗora sabon Linux a kai, aikin da ke share duk abin da ke ciki. Sannan ya kunna tsohon faifan. Ya yi ƙas sau ɗaya, bai sake motsi ba.

"Mati, ina ka kwafi muryar?"

"A filas ɗin da ke hannunka, Yaya."

Lawwali ya zauna a ƙasa. Inna, da ke bakin ƙofa ta ji komai, ta shiga ɗaki ta saki labule. Ranar na ga abin da ake kira mutuwa ta biyu.

Mati ya ce, "Wannan na farko ne. Na kafin tuwo yana wurin maƙwabci."

Ya fita. Kafin la'asar ƙofar gida ta cika da masu ƙarar jiya, kowa da wayarsa a hannu, ashe ba wanda ya iya goge muryar mutumin da ya haƙa masa ruwan sha. Mai shayi ya kunna tasa. Malam Barau ya bi rijiyoyinsa ɗaya bayan ɗaya, sannan ya tsaya ya ce, "Tabawa, ina furar nan?"

Daga bayan labule aka ce, "Ga ta nan zuwa."

Da aka watse Inna ta fito da kwanon tuwo ta ajiye gaban autanta. Mati ya kalli tuwon, ya kalle ta.

"Inna, in ci, ko in kwafa tukuna?"

Ta kwance gefen zanenta ta ciro ƙaramar wayarta, ta miƙa masa.

"Kwafa tukuna."