Sunayen da Likita Beguwa Ta Ƙi Faɗa

A wani daji da ke tsakanin duwatsu biyu, cutar ƙazuwa ta ɓarke a ƙarshen damina. Da ƙaiƙayi take farawa, gashi ya zube, in an ƙyale ta fata ta tsage ta ruɓe, daga nan sai jana'iza. Likita ɗaya ta rage a dajin, Beguwa, domin abokan aikinta shamuwoyi biyu sun tafi ƙaro ilimi tun bara, kuma da alama ilimin bai ƙare ba. Tun safe take wanke gyambo tana shafa magani har faɗuwar rana.

Ɓauna, shugaban majalisar daji, ya naɗa kwamiti. Kwamitin ya yi kwana bakwai yana nazari, ya gano cewa cutar ba za ta yaɗu ba in babu masu ita. Aka yanke a kori duk mai ƙazuwa zuwa hayin kogi, inda ba ciyawa sai kadoji. Saura sunaye, kuma Beguwa kaɗai ta san su.

Labarin na fita, asibiti ya yi wayam. Wata tsohuwar Gada da ta fara samun sauƙi ta ɓuya a sarƙaƙiya don tsoro. Beguwa ta yi kwana uku tana nemanta, ta same ta rai ya riga ya yi halinsa. Daga can ta wuce majalisa, inda ake ta aika mata kira.

Dila, magatakardan majalisa, ya nemi ta fara lissafo sunayen. Beguwa ta dubi Ɓauna ta ce, "Ranka ya daɗe, wanda ya zo wurina ya buɗe jikinsa ne domin ya san bakina a rufe yake. Yau na binne Gada. Ƙazuwa ta kama ta, amma dokarku ce ta hana ta magani. In na faɗi suna ɗaya, ba mai sake zuwa, kowa zai ɓoye tasa ya shafa wa iyalinsa. Ku ba ni rumfa gefe guda in keɓe masu ciwo in warkar da su. Suna kuwa, ba za ku ji daga bakina ba."

Ɓauna ya huci, ya ce ko sunaye ko ta bar aiki a ranar. Beguwa ta sauke jakar magani ta ajiye a gabansa. Ta roƙi alfarma ɗaya: a gaya wa wanda zai gaje ta cewa sau uku ake shafa maganin, mako-mako, wanda ya tsaya a na biyu cutar za ta dawo masa fiye da da. Ba ta kalli kowa ba, ta juya.

Kafin ta fita sai Gadu, wani ɗan majalisa, ya yi gyaran murya ya tambaya, a madadin wani maƙwabcinsa, yaya wanda sau ɗaya kawai aka shafa wa. Damisa, wanda shi ya fi kowa ɗaga murya ran da aka kafa dokar, ya ce shi tun farko ya ga akwai gaggawa a cikinta. Ɓauna ya daɗe yana kallon jakar, sannan ya ce majalisa ba ta taɓa nufin korar kowa ba, magatakarda ne ya rubuta ba daidai ba. Dila ya amsa laifinsa.

Aka soke dokar ba tare da ko ƙuri'a ɗaya ta saɓa ba, aka kafa rumfar, aka mayar wa Beguwa jakarta. Marasa lafiya suka fito daga maɓoya, kafin wata biyu gashi ya fara tsiro a daji.

A ranar da aka soke dokar kuwa, 'yan majalisa kowa ya ce zai bi doguwar hanya ya sha iska kafin ya je gida. A ƙofar bayan asibiti suka haɗu, suka gaisa da kyau, ana tambayar lafiyar maƙwabta.