Rasuwar 'Yar Japan, Kyamarar Namadi

Da zuciya mai cike da baƙin ciki har wuya, Malam Namadi Mai Hoto na bakin tashar jirgin ƙasa, Ƙaura Namoda, yana sanar da 'yan'uwa da abokan arziki rasuwar kyamarar bidiyo mafi daraja da ta taɓa shigowa Jihar Zamfara tun ranar da aka ƙirƙiro jihar. Marigayiyar, wadda aka fi sani da 'Yar Japan, ta cika ranar Talata da hantsi a garin Moriki, gaban shaidu sama da arba'in, bayan gajeriyar jinya ta kamar daƙiƙa huɗu. Wata bakwai ta yi tana amsa sunan Namadi, biyar daga ciki a hanya ta yi su.

Marigayiyar 'yar asali ce, ba irin na kantunan Kano ba. A Kano ɗin an nuna wa Namadi wata, aka kunna masa ita a gabansa, aka ce in ta yi tari cikin wata shida ya dawo da ita. Ya ji kuɗin, ya yi murmushin wanda aka raina wa wayo, ya ce, "Ku ma ai can kuka sayowa. Mi za ya hana ni in tai gindin abin?" Ta hannun wani mai odar injinan mota a Shinkafi ya aika da kuɗinsa ga mutumin da bai taɓa gani ba, a garin da har yau bai iya faɗin sunansa ba. Ya rage kashi ɗaya cikin uku na farashin Kano. Babu majalisar da ba ta ji wannan lissafi ba, har masu shayi suka haddace shi.

Duk wanda ya zauna da ita zai shaide ta da kamun kai. Ba ta taɓa magana da harshen kowa ba sai na iyayenta. An kai littafin bayaninta wurin hedimasta, ya juya shi sama, ya juya shi ƙasa, ya ce a ganinsa bugun yana da kyau. Namadi da lalube ya san halinta: maɓalli na uku daga hagu, ta ce "ƙit", ta buɗe ido, na ƙasa da shi, ta ce "ziii", ta fara aiki.

Ba ta cin wutar ƙasar nan, don wutar garinsu ba ta kai rabin tamu ba. Sai an bi da ita ta wata 'yar taransfoma kafin a ba ta. Maccido mai gyaran rediyo yana da irinta, a shagonsa ake yi wa marigayiyar caji. Sau uku yana cewa, "Namadi, sayi taka, ba ta kai kuɗin buhun gero ba." Namadi ya ga babu hikima mutum ya sayi abin da maƙwabcinsa yake da shi.

Babbar kunyarta kuwa, ba ta yarda a ga aikinta a bainar jama'a. Duk talbijin ɗin da aka haɗa ta da shi a Ƙaura, sai hoton ya fito ba launi, yana gudu sama, kawunan mutane a ƙasa, ƙafafunsu a bisa. Abin da ta ɗauka a wuri ɗaya kawai ake iya ganinsa, wata 'yar taga a gefenta mai faɗin kwalin ashana. Namadi ya gano haka tun makon farko, ya rufa mata asiri kamar yadda ya kamaci maigida nagari, ya ci gaba da neman aiki.

Aiki ɗaya ta yi a rayuwarta. Alhaji Labbo, dillalin shanu a Moriki, mahaifiyarsa Hajiya Hindu ta tsufa, jiki ya ƙi. Ƙanensa Alhassan shekara goma sha ɗaya ke nan yana Makka ba takarda, in ya fito ba ya komawa. Tsohuwa ta ce tana so ta yi masa magana ya ga bakinta yana motsi, a ba maniyyata kaset ɗin su kai masa. Da yake yanzu zamanin Shari'a ne, namiji ba ya ratsa gidan mutane da sunan sana'a, sai Namadi ya koya wa matarsa Kulsumu maɓallan nan biyu, ya tura ta ciki. Minti arba'in ta yi a durƙushe gaban gadon tsohuwar, tana tallabe da nauyin kyamarar. Shi kuma yana zaure yana cin balangu, yana yi wa dillalai bayanin ƙasar Japan. Bayan kwana tara Hajiya Hindu ta rasu.

Ciwon ajali ya sami 'Yar Japan ne ranar addu'ar ukun Hajiya Hindu. Da aka shafa, Alhaji Labbo ya ce a tayar da janareta, a fito da talbijin zaure, yana so ya ga uwarsa. Aka haɗa. Hoto ya kama gudu kamar yadda ya saba. Namadi ya girgiza kai cikin tausayi ya ce, "Alhaji, talbijin ɗin ga naka tsohon yayi ne, ba ya iya ɗaukar ta." Sai ya buɗe 'yar tagar. Manyan mutane masu rawuna suka haɗa kai a kan abin da bai kai tafin hannu ba. Ga Hajiya Hindu nan, da ɗan kallabinta, tana gyara zama. Ta ce, "Alhassan, ɗana, kana jina? Abin da nika so in gaya maka..." 'Yar Japan ta ce "ti, ti, ti", ta rufe ido. Batir ya ƙare, taransfomar Maccido kuma tana Ƙaura.

Namadi ya ɗauko caja, ya dubi soket. Daga bayan ƙyauren zaure Kulsumu ta yi ƙasa da murya ta ce, "Malam, kada ka sa ta ga wutar ga. Maccido ya hana."

"Subhanallahi," in ji Namadi, "muryar mace cikin maza? Koma ciki."

Mutum arba'in suna kallonsa, da yawansu sun sha jin labarin kashi ɗaya cikin uku. Ya soka. Marigayiyar ta ce "ziii", yadda ta saba in za ta fara aiki, har Namadi ya ɗaga kai ya dubi jama'a. Sannan ta ce "fas". Wani siririn hayaƙi ya fito ta gefenta, zaure ya ɗauki ƙaurin roba. Wannan ce kalmarta ta ƙarshe.

Alhaji Labbo bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Namadi, uwata tana ciki?"

"Tana ciki, Alhaji."

"To, hiddo min ita."

Ƙofar kaset ba ta buɗuwa sai da wuta. Namadi ya ari wuƙar mai balangu ya taimaka mata. Da aka kai gawar wurin Maccido da la'asar, ya zaro zaren kaset ɗin guntu-guntu, wani a narke, wani a yanke, ya jera su a kan tebur, ya ce wuta ta ci rabi, wuƙa ta gama da sauran. An tuntuɓi dangin marigayiyar ta hannun mai injinan Shinkafi. Ya ce shi dako kawai ya yi, amma a iya saninsa garantin yana nan daram, muddin mai ita ya kai ta Japan da kansa.

Ta rasu ta bar jaka ɗaya baƙa mai aljihu shida, da murfin ido, da igiyoyi uku waɗanda ba sa shiga komai a ƙasar nan, da littafinta da ba a taɓa karantawa ba. Ta bar allon da aka rubuta a ƙofar shago, "Bidiyo Kai Tsaye Daga Japan", wanda fentinsa ko dusashewa bai fara ba. Ta kuma bar Malam Namadi, wanda ke roƙon jama'a su tuna cewa da ta Kano ce ta ƙone, da asarar ta fi haka da kashi ɗaya cikin uku.

Za a yi jana'iza gobe Alhamis da safe a shagon Maccido, inda za a sa ta a kwalin matattun rediyoyi da ke ƙarƙashin benci, bayan an cire 'yan ƙusoshin da za su yi wa wasu amfani. Malam Namadi zai zauna karɓar gaisuwa a shagonsa har kwana uku. Ana roƙon masu zuwa daga Moriki su yi haƙuri su aiko da saƙo.

Ba zai sami damar zuwa bai wa 'ya'yan Hajiya Hindu mata haƙuri ba, domin shiga cikin gidan mutane bai halatta gare shi ba, kuma shi mutum ne mai kiyaye doka. Saboda haka mata masu zuwa gaisuwa ba za su tarar da Kulsumu a gida ba. Ta sayar da ragon da take kiwo don Layya, ta ƙulle kuɗin aikin Alhaji Labbo a bakin zane, za ta bi motar farko zuwa Moriki. In ta mayar masa da kuɗinsa, za ta zauna gaban 'ya'yan tsohuwar da wani malami mai rubutu a bayan labule, ta faɗi abin da ta iya tunawa daga minti arba'in ɗin nan, a rubuta wa Alhassan a takarda. Ta ce farkon da ƙarshen tana riƙe da su. Na tsakiyar ne take ta bita tun jiya.