Ranar da Aka Tsallaka da Ni Boda a Baro

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na tashi nuna wa duniya ma'anar dattako ba. Ni dai karatuna a firamare ya tsaya, amma a teburin mai shayi na bodar Jibiya ni ne shehin fassara. Kullum ina faɗa wa direbobi cewa dattako shi ne kada namiji ya ga mace da kaya ya tsaya yana kallo.

Ana nan sai ga Hajiya Rabi, wata bazawara mai fataucin dabino, za ta Maraɗi da buhun gero. (Na daɗe ina aika mata goro, ba ta ce e ba, ba ta ce a'a ba.) A nan kuwa fasinja sauka suke su taka zuwa shingen ɓangaren Nijar, 'yan dako su tura kayan a baro, kowa da layinsa. Na gyara hula, na ture Illiya ɗan dako, mutumin Maraɗi, na rungumi buhun geronta.

"Baba, wanga buhu ba na wasa ba ne," in ji Illiya.

"Malam, bar mishi, aikinai ne," in ji Hajiya.

Na ce, "Hajiya, yau za ki ga dattako da idonki."

Ta kuwa gani. Buhu ya kai gwiwa, bayana ya ce ƙas, na tsaya a duƙe kamar mai ruku'u, na kasa ɗagowa. Direbobin nan, ɗalibaina, har da masu zubar da shayi don dariya. Mai ɗorin da na yarda da shi kuma yana can ƙetaren shinge. Sai Illiya ya kwantar da ni a baro, ƙafafu sama, Hajiya ta sa aka aza mata buhun a ka, ta yi gaba abinta.

A shinge ma'aikacin duwan, wato kwastan, ya leƙo. "Hajiya, mi aka ɗauko nan?"

"Dattako ne, ranka ya daɗe. Ya ɗan karye a hanya."

Na rufe fuska da hula, na ce shi ke nan, aure ya tafi. Da yamma sai ga saƙonta: in turo magabatana, amma kada in ɗauko huhun goron da kaina.

Yanzu na gyara fassara. Dattako shi ne ka ce wa Illiya sannu da aiki, ka bi bayansa riƙe da laimar Hajiya.