Ranar da Na Nutse a Ruwan da Bai Kai Gwiwa Ba

Ba zan taɓa mantawa da wannan Asabar ɗin ba, kuma har gobe ban gama huce haushin Bashir ba. Bashir abokin zamana ne a gidan haya a unguwar Pantai Dalam, can ƙasar waje, tare muke digiri na uku, kuma unguwarmu ɗaya a Fagge. Ya san sarai ruwan da na saba da shi bai wuce na bokiti ba. Amma tun zuwana jami'a na cika kunnen kowa da cewa ni jikan Sarkawa ne daga Yawuri, a cikin kwalekwale aka yaye ni. (Gaskiyar magana, kakana busasshen kifi yake sayarwa a Sabon Gari.) Ƙaryar ta yi mini rana, don saboda ita malamar da ke duba bincikena, wata farfesa marar son wargi, ta sa sunana cikin masu zuwa ɗibar samfurin ruwa a kogunan jihar Pahang.

Ranar Asabar ɗin sai farfesa ta kwashe mu zuwa wani gidan tarihi na harkar teku. Aka nuna mana kwalekwalen fata na mutanen ƙasar ƙanƙara, da wani ɗan jirgin katako irin wanda aka ce wasu sun ratsa tekun kudancin duniya da shi, hannu na daskarewa a kan filafili. Kowa yana ta jinjinawa. Ni kuwa bakina ya ƙi zama lafiya.

"Wannan ai ba komai ba ne," na faɗa da Turanci yadda kowa zai ji. "A garinmu ɗan shekara bakwai ma zai tuƙa shi."

A tsakar gidan akwai ɗan tafkin siminti da kwalekwale a ciki, inda wani dattijo masassaƙin jirgi daga Terengganu yake koya wa baƙi tuƙi da ƙullin igiya. Ya nemi mai gwadawa. Kafin in laɓe bayan ginshiƙi, Bashir ya ɗaga hannuna sama.

"Pak Cik," ya ce wa dattijon, wato baba da yarensu, "ga gwani daga Najeriya."

Na ce masa ƙasa-ƙasa, "Bashir, don Allah ka rufa mini asiri."

"Haba jikan Sarkawa, boleh lah, ai za ka iya," in ji shi, yana ciro waya.

Farfesa ta gyara zaman tabarau ta zuba mini ido. Na tattare shaddata, na ɗora ƙafa a bakin kwalekwalen maimakon tsakiyarsa (wa ya gaya mini akwai bambanci?), sai abin nan ya kife da ni. Na fara salati ina dukan ruwa, ina ihun a cece ni. Abin da hannuna ya fara kamawa shi ne zanin da dattijon nan ya ɗaura irin na mazan ƙasar, bawan Allah ya riƙe kayansa da hannu biyu muna ta ja-in-ja.

"Miƙe tsaye, ɗana," ya ce a hankali.

Na miƙe. Ruwan ko gwiwata bai kai ba. Hulata tana can tana yawo ita kaɗai.

Ran Litinin farfesa ta kira ni ofis. Ta ce rashin iya tuƙi ba laifi ba ne, rabin tawagar ma ba su iya ba, amma ba za ta shiga kogi da mutumin da ba ta yarda da maganarsa ba. Ta soke sunana, bincikena ya koma baya da zango guda. Bidiyon kuwa ya riga ya zaga wayar duk wani ɗalibin Najeriya daga unguwar Bukit Jalil har ta Taman Melati.

Mako uku ban ce wa Bashir uffan ba. Ranar da na tare shi a kicin, na zazzage masa duk abin da ke cikina, har da gorin shinkafar da nake dafa mana. Ya bari na gama, sannan ya ce, "Da ka nutse a Pahang mu kai gawarka gida, ba gara ka nutse a siminti ba?"

Gaskiya ya faɗa, kuma wannan ya fi komai ƙona mini rai. Darasin da na ɗauka dai shi ne, in za ka yi ƙarya a ƙasar waje, ka fara waiwayawa ka ga ko akwai ɗan unguwarku a kusa.