Ranar da Saƙona Bai Fita Get Ba

Ba zan taɓa mantawa ba, ko da tsufa ya kwashe min haƙora, da abin da na jawo wa kaina a wata masana'antar bokitin roba a Sharaɗa. An ɗora ni shugaban masu aikin safe, amma na gwaji. In na taka rawar gani, kujerar ta zama tawa.

Aikinmu da wuta yake tafiya. In an ɗauke, kowa ya kama gabansa. In an kawo, sai a yi wa mutum ɗaya filashin a Panshekara, shi ma ya yi wa na Zawaciki, kafin ka ce kwabo an hallara. Ni kuwa na ce wannan ai ƙauyanci ne. Na sayi waya mai faɗin faranti, na zuba kowa a wata manhajar aiki mai launi-launi, ina bayani suna gyaɗa kai (ashe gyaɗawar ladabi ce kawai).

Rannan da safe aka kawo wuta. Na rubuta sanarwa, na ƙawata ta da kore, na danna. Sai na zauna gindin darbejiya, iska na kaɗawa, na lula duniyar tunani. Ga ni a ofis mai sanyi, in taɓa gilashi ma'aikata su yi ta kwararowa, bokitai ja da shuɗi na gangarowa a hankali, har na fara zaɓen launin motar da zan saya. Wallahi murmushi nake ni kaɗai.

"Kai, ina mutane?"

Alhaji mai kamfani ne tsaye a kaina. Ga motar wani ɗan kasuwa daga Maraɗi na jiran kaya, injina kuwa tsit.

"Ranka ya daɗe, ai na sanar da su a manhaja." Na miƙa masa wayar, har da 'yar taƙamata.

Ya ƙura mata ido. "To wannan ɗan abin da ke ta juyawa fa?"

Innalillahi! Data ta ƙare tun jiya, saƙon ko get bai fita ba. Ko da ma ya fita ɗin, yawancinsu 'yar ƙaramar waya rakani-kashi ce a aljihunsu. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Alhaji ya zaro 'yar tsohuwar wayarsa, ya yi filashin. Ina nan tsaye kamar an dasa ni adaidaita suka fara sauke mutane, duk wanda ya wuce sai ya ce, "Sannu da ƙoƙari, Oga Manhaja!"

Muƙamin dai ya tafi, sunan ya zauna. Tun daga nan na gane saƙo isa ake so ya yi. Mai son kwalliya ya tafi gidan biki.