Gahawar da Ta Huce a Gidan Abu Nidal

Wani ne a birnin Irbid. Ranar da ya fara ganin Rudaina, a ajin koyon Turanci ne, tana zaune bakin taga tana cizon biro. Ranar malam ya rubuta "but" a allo.

"Ita ce amma," in ji malam. "A tsohon Turanci ma'anarta a waje. Har yau aikinta ke nan. A yabe ka, a yabe ka, da ta iso ta fitar da kai waje."

Mutuminka bai taɓa riƙe darasi ba sai wannan.

Bayan sati ya ɗinko sabon kwat. Rudaina ta dube shi ta yi murmushi.

"Kwat ɗin nan ya yi maka kyau, amma..."

Kafin ta ƙarasa ya kai bakin titi. Ita kuwa tambarin tela take son cire masa daga hannun riga.

Da ƙyar baffansa ya tattaro dattawa aka tafi neman aurenta. Aka zuba gahawa. Baffa ya ajiye kofinsa a ƙasa, don ba a sha sai uban yarinya ya amsa. Mutuminka na gefe, gumi har cikin safa.

Abu Nidal, uban Rudaina, ya gyara zama.

"Yaron nan mun san shi. Ga ladabi, ga sana'a, ga asali. Amma..."

Wuf! Ya tsallake tiren kayan zaƙin kunafa, ya taka ƙafar liman, ya fice da takalmi ɗaya.

"...amma gahawarku tana hucewa, ku sha," Abu Nidal ya ƙarasa yana kallon ƙofa. "Lafiya? Wuta ce ta kama?"

"Murna ce," in ji Baffa. "Haka take kama shi."

Rudaina da ke laɓe tana saurare ta ruga baranda. Ga shi can yana ɗingishi wajen mai sayar da ƙosan falafil.

"Kai! Ango! Dawo, an ba ka!"

Ya tsaya, bai matso ba. "Babu amma?"

Duk maƙwabta sun leƙo. Ta ɗaga murya.

"Akwai, da yawa ma. Na dai yi maka alkawari gaban unguwa, duk ranar da zan faɗe ta, sai na kulle ƙofa tukuna."